Sau uku an dawo mini da takardar neman tallafin bincike, Baba Malam

Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni 'yar Mai Wurno ce, shekaruna 31, ina da digiri na biyu, ina koyarwa a sashen ilimin aikin gona da wayar da kan manoma a wata jami'a a nan tsakiyar Sudan. Sau uku ina rubuta takardar neman tallafin bincike, sau uku ana ba ni haƙuri. Ta ƙarshen, a kan "inganta samar da abinci a Sudan bayan yaƙi ta hanyar ilimantar da manoma" na yi ta, wata biyu ina rubutu da hasken waya. Yanzu wani babban malami a sashenmu ya ce in kawo ta huɗu a sa sunansa a matsayin jagora, ni in bi baya, wai da suna ake samun kuɗi. Wata ƙawata kuma ta nuna mini wani da ke rubuta wa mutane a biya shi. Mahaifina yana cewa takarda ba ta taɓa cika rumbu ba. Abin da ke raina tun ina ƙarama shi ne wuta-wuta. Dangin mahaifiyata suna wani kambo, wato unguwar 'yan ƙwadagon gona, a Jazira, na tashi ina ganin matansu suna fama da ita a gonakin dawa da ba nasu ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya koya musu komai da harshen da suke ji. Sai dai ina jin kunyar rubuta wannan, gani nake ya yi ƙanƙanta. Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya kwantar mana da ƙurar da ta tashi a ƙasar nan.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karatu na biyu na ga takardar da kike ta wahalar nema kin riga kin rubuta ta, tana can a layukan ƙarshe, daidai inda kika ce kina jin kunya: matan kambo, gonar dawa ta wani, wuta-wuta, da koyarwar da ba ta taɓa zuwa musu da Hausa ba. Bincikenki ke nan. Wancan dogon take na samar da abinci a Sudan, duk malamin gona daga Dungula zuwa Damazin zai iya sa hannu a ƙarƙashinsa, shi ya sa ba a ga dalilin ba ki kuɗinsa ke kaɗai ba.

Na yi shekaru ina zama a teburin da ake tace irin waɗannan takardu, muƙtarah kamar yadda muke ce musu a ofis, don haka bari in gaya miki yadda abin yake daga wancan gefen. Mai tantancewa malami ne irinki, da darussansa da takardun jarrabawar da bai gama dubawa ba, aka tara masa tuli aka ce ya karanta cikin kwanaki. A shafin farko yake neman ya san me za a yi, a ina, da su wa, kuma da me za a gane an yi. Idan ya tarar "ingantawa" da "bunƙasawa" da "ƙarfafa gwiwa" sun yi jerin gwano, babu sunan ƙauye, babu adadin mutane, hannunsa ya riga ya kai kan takarda ta gaba. Masu kuɗin sun san abin da ke hannunsu ba zai ciyar da ƙasa ba. Wanda ya yi musu alkawarin kawar da yunwa da dala 10,000, abin da suke karantawa shi ne bai taɓa auna girman aikin da ƙarfin kuɗin ba.

Yanzu ki dubi abin da kika raina. Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar ake ba gonakin Jazira ruwa, fili mai kimanin fadan (ma'aunin gona, kusan eka guda) miliyan 2 idan aka haɗa da yankin Managil. An gina tsarin ne a kan mai hawasha, wato manomin da aka yanka wa gona a cikinsa: sunansa ne a rajista, shi ake kira taro, ƙofarsa malamin gona yake ƙwanƙwasawa. Amma wa ke duƙawa? Shuka, firi, maimai, girbi, kaso mai yawa na wannan aiki yana hannun mutanen kambo, waɗanda kakanninsu suka zo daga Darfur, Chadi, Barno da ƙasar Hausa. Ilimin yana tafiya gidan mai takarda, fartanya tana hannun wani. Wannan giɓi ne da ya shafi fanninki kai tsaye, domin ilimin aikin gona tambayarsa ita ce wa aka koya wa, da wane harshe, a ina, kuma me ya yi da abin da ya ji. Kowace takardar tallafi tana da wurin da ake tambayar me ya sa ke ce ta dace da aikin. Mace ce ke, kina jin Hausa da Larabci, kin yi karatun fannin, kuma in kin shiga kambon ba tabarmar baƙo za a shimfiɗa miki ba, za a miƙo miki yaro ki riƙe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Farfesa daga ƙetare da ayarin motoci ba zai ji rabin abin da za a gaya miki a bakin murhu ba. Ki rubuta wannan a fili, cikin jimla biyu ko uku, ba tare da kunya ko taƙama ba.

Sai dai zan daɗe kaɗan a kan ita wuta-wutar, don a nan ne takardarki za ta tsaya ko ta faɗi. Kin san ta fi ni, buda ce a bakin maƙwabtanmu, Striga hermonthica a littafi. Tsiro guda yana zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar shuka irin su dawa ko gero ke fitarwa, sannan ya manne mata ya yi ta sha. Kafin furen nan mai ruwan hoda ya leƙo sama, mafi yawan ɓarnar ta riga ta auku a ƙarƙashin ƙasa. Ke nan tuge ta da hannu ba ya ceton amfanin bana sosai. Ribarsa ta baɗi ce da shekarun da ke biye, in an tuge kafin ta zubar da iri, aka kwashe daga gonar aka ƙone.

To, ki sa kanki a matsayin innarki da ake biya da yini, ko wadda take noma-mu-raba na damina ɗaya, ba ta da tabbacin baɗi ita ce a wannan hawashar. Ko da ta san duk abin da na faɗa, me zai sa ta ƙara wa bayanta ciwo don ribar da wani zai ci bayan shekara uku? Wataƙila ba ta sani ba ne. Wataƙila kuma ta sani sarai, dalilin yi ne babu. Takardar da ta ɗauka tun farko cewa jahilci ne matsalar, ta raina matan kuma ta raina mai karatu. Wadda ta ce zan je in gano wanne ne daga cikin biyun, kuma a wurin wa, ita ce mai tantancewa zai gyara zama ya karanta. Da na ga irin wannan a tulin da ke gabana, nakan san mai rubutun ya taka gona.

Daga nan sai ki matse tambayar har ta shiga numfashi ɗaya. Misali: idan aka koyar da matan da ke aikin dawa a kambo, a cikin gona, da Hausa, shin lokacin da suke tuge wuta-wuta da abin da suke yi da ita bayan tugewa zai sauya, kuma shin sauyin ya bambanta tsakanin 'yar ƙwadagon yini da mai noma-mu-raba? Akwai wani rami a nan da nake so ki gani kafin wani ya nuna miki. Idan kika kwatanta matan da aka koyar da Hausa da masu hawasha da aka koyar da Larabci, abu biyu kika sauya lokaci guda, harshe da kuma wanda aka koya wa, kuma ko kin ga bambanci ba za ki iya cewa daga wanne ya fito ba. Ki zaɓi ɗaya. In harshe ne damuwarki, to duka rukunonin su zama matan kambo, darasi iri ɗaya, malami ɗaya, harshe kawai ya bambanta. Kuma ƙuri'a ce za ta raba wane kambo ya shiga wane rukuni, don in ke kika zaɓa, zuciya za ta ja ki ki ba danginki abin da kike ganin ya fi. Idan kuɗin kambo shida ko takwas kawai zai iya ɗauka, ki faɗi haka, ki kuma faɗi cewa da wannan adadi ba za ki yanke wa Jazira gaba ɗaya hukunci ba, sai dai ki buɗe hanya, sannan ki cike da doguwar hira da matan. Faɗin iyakar aiki da bakinki yana ƙara miki daraja a idon mai tantancewa, ɓoyewa kuma shi zai tono ta da kansa.

Awo kuma ya zama na abin da ido ke gani. Yawancin matan ba za su cike takardar tambayoyi ba, don haka da baki za a yi, kafin koyarwa da bayanta, kina nuna musu tsiron a matakansa daban-daban kina tambaya wanne ne ya kai a tuge. A gona kuma ki kafa turaku ki keɓe murabba'in mita ɗaya-ɗaya a wurare da dama, ki riƙa ƙirga wuta-wutar da aka bari ta kai ga yin iri. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki yi alkawarin amfanin gona zai ƙaru da kaso kaza a damina ɗaya. Duk wanda ya san tsiron nan zai gane alkawarin ba zai cika ba, kuma daga wannan layin zai daina yarda da sauran.

Kada kuma ki rubuta cewa ba a taɓa yin bincike a kan wannan ba. Wanda zai karanta takardarki mai yiwuwa rabin rayuwarsa a kan buda ya ƙare ta. Hukumar Binciken Aikin Gona da ke da hedikwata a Wad Madani ta daɗe tana aiki a kanta. Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha, a nan Sudan ya fitar da haɗaɗɗen irin dawa Hageen Dura-1 a 1983, daga baya ya yi fice a kan dawa mai jure wuta-wuta, har ya karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 2009. Makarantar manoma ta cikin gona, wadda FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara a Indunusiya a 1989, an gwada ta a Jazira tun shekarun 1990. Ki nuna kin san waɗannan, sannan ki ce ga ɗan lungun da ya rage: masu aikin da ba su da hawasha, da harshen da ake koyar da su. Mujallun da za ki buƙata, ki tambayi ɗakin karatun jami'arku ko suna da rajista da AGORA, shirin FAO da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe irin tamu mujallun aikin gona tun 2003. Malamai da yawa suna zaune kusa da wannan ƙofa ba su san a buɗe take ba.

Kafin ki rubuta ko layi ɗaya na sabuwar takardar, in hanya ta yi lafiya, ki je kambon nan ki kwana biyu ko uku. Ki zauna da mata 15 ko 20, ki gaya musu abin da ya kawo ki, ki nemi yardarsu, ki tambaye su yaushe suke tugewa, ina suke zubarwa, wa ya taɓa yi musu bayani, yaya ake biyansu. Kuɗin mota da na sukari da ganyen shayi kawai zai ci miki. Abin da za ki dawo da shi, ko shafi biyu ne, ya fi shafi goma na gabatarwa nauyi, don za ki iya rubuta "na tambaya, ga abin da suka ce". Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mai yiwuwa ma su sauya miki tambayar gaba ɗaya, in haka ta faru ki bi su.

Jadawalin aiki kuma da damina ake ɗaure shi. Dawa a wajen Yuli ake shuka ta, a girbe a wajen Nuwamba zuwa Disamba. Tsakanin ranar da aka ce an amince da ranar da kuɗi suka shigo hannu, watanni sukan wuce. Na ga aiki mai kyau da kuɗinsa suka iso a Satumba, lokacin dawa ta yi nisa, aka yi asarar shekara guda cur, mai aikin ya koma roƙon a ƙara masa wa'adi. Ki ƙirga baya daga ranar shuka, ki ware watannin neman izinin kwamitin ɗa'a da shirya darasi da horar da masu taya ki, sannan ki faɗi watan da dole kuɗi su kasance a hannu.

Kasafin kuɗi shi ne wurin da ake gane mai gaskiya. Da yadda farashi yake gudu a ƙasar nan, ki rubuta da dala ko yuro, ki sa ranar da kika ɗauki farashin canji. Kowane layi ya kasance yana da aikin da ya haife shi a cikin takardar: zuwa kambo sau kaza, kowace tafiya kaza. Ki sa ladan yinin da matan za su rasa saboda zaman darasi, domin wadda ke ci daga ƙwadagon yini ba za ta bar shi don ta saurare ki ba, kuma bai dace a nemi ta bari ba. Ki sa ƙaramin faifan sola da batirin caji, kin fi kowa sanin dalili. Kada ki kumbura, kada kuma ki rage don a tausaya miki, wanda ya nemi abin da bai isa aikin ba shi ma an san bai yi lissafi ba. Ki je ofishin kuɗin jami'arku tun yanzu ki tambayi kason da suke cirewa da hanyar da kuɗin waje ke shigowa, don turo kuɗi Sudan yana da wuya, wasu masu tallafi sai ta hannun wata cibiya a ƙetare suke biya. Sannan ki tuna kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: rahoto da rasit za a nema har na ƙarshe. Mai karusa da mai shayi ba su da rasit, sai ki tanadi littafinki tun ranar farko, a rubuta a sa hannu ko a dangwala.

Maganar yaƙi, ki ba ta sakin layi guda mai nutsuwa. Masu kuɗin sun san abin da ya faru tun Afrilun 2023. Sun san Wad Madani ta fita daga hannun gwamnati a Disambar wannan shekarar, sojoji suka dawo da ita a Janairun 2025, kuma ma'ajiyar irin shuka ta ƙasa da ke can ta sha ɓarna. Abin da suke son ji daga gare ki shi ne in hanya ta rufe ina za ki koma da aikin, ko Rahad, ko Sabuwar Halfa, ko gonakin damina na Gadarif inda mutanenmu suke da yawa, kuma a ina za ki ajiye kwafin bayananki in waya ta ɓace. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a wurina. Mutanen kambo sun ga tashin hankali a wannan yaƙi, kuma jerin sunaye da ƙabila da wurin zama abu ne da zai iya cutar da su in ya faɗa hannun da bai dace ba. Ki yi amfani da lambobi maimakon sunaye, ki bayyana a takardar yadda za ki kare su. Wannan amana ce kafin ta zama sharaɗin masu tallafi.

Sai batun babban malaminku. Ba zan ce miki ki ƙi kai tsaye ba, don akwai gaskiya a ɓangaren maganarsa. Wasu tallafin sharaɗinsu ne jagora ya kasance mai digiri na uku, a irin wannan ba ki da hanya sai ta inuwar wani. Akwai kuma waɗanda aka ware wa matasan masu bincike, inda sa sunansa a gaba ma zai sa a jefar da takardar. Saboda haka sanarwar ce za ta raba gardama, ki karanta sharuɗɗanta kalma bayan kalma. In ta masu tasowa ce, ki same shi da ladabi ki ce, "Duktur, wannan ta ƙananan malamai ce, ina roƙon ka tsaya mini a matsayin mai ba da shawara, ka kuma rubuta mini wasiƙar goyon baya." Kin girmama shi, aikin kuma yana hannunki. In kuwa dole sai shi ne jagora, to a yi magana tun ana shiri, a rubuta: sunanki a takardar a matsayin abokiyar bincike, aikin kowa a fayyace, sunanki a farko a maƙalar da za ta fito daga aikin gona da kika yi, izinin amfani da bayanan a digirinki na uku, da kuma saninki a duk kuɗin da zai fita. Ki tura masa daftarin ta imel ɗinki don kwanan wata ya zauna shaida. Malamin kirki ba zai ji haushin wannan ba, zai ma ƙara miki abin da kika manta. In kika ga fuska ta sauya don kin nemi a rubuta, kin sami amsar da kike buƙata, sai ki janye cikin mutunci ki nemi wani. Na san wannan yana da nauyi ga ƙaramar malama, mace, a sashen da kowa ya san kowa. Amma na ga waɗanda suka yi shiru saboda kunya, suka yi damina biyu a rana, maƙala ta fito sunansu yana cikin godiya kawai, kuma har yau abin yana ci musu rai.

Mai rubutawa a biya shi kuwa, a'a. Za ki sa hannu ki ce aikinki ne alhali ba naki ba, wannan kaɗai ya isa. Bayan haka, irin waɗannan mutane daga tsofaffin takardu suke yankowa, masu tallafi kuma suna da manhajar gano kwafe, in aka kama, sunanki ne zai ɓaci har da na jami'arku. Ko ya tsallake, za a iya kiranki hira a tambaye ki me ya sa kika zaɓi wannan hanya. Kuma shi bai taɓa shiga kambo ba, dogon take irin wanda aka ƙi sau uku zai sake rubuto miki. In harshen Ingilishi ne yake ba ki tsoro, ki fara rubuta tunaninki da Hausa ko Larabci har ya tsaya da ƙafarsa, sannan ki juya shi, ki ba wanda ya ƙware ya gyara miki nahawu. Wannan halal ne, kowa yana yi. Manhajojin nan masu rubutu da kansu suna taimakawa wajen gyaran jimla, amma sukan ƙago sunan maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, don haka kada ki ambaci aikin da ba ki buɗe da idonki ba, ki kuma duba ko mai tallafin ya yarda da amfani da su.

Ina kuma zargin ɗaya daga cikin ukun da aka dawo miki da su ba a ma karanta ta ba. Fanninku yana tsakanin kimiyya da ilimin zamantakewa, wasu masu tallafi kuwa aikin ɗakin gwaji kawai suke biya, sai ma'aikacin ofis ya cire takarda tun kafin ta kai teburin malamai. Ki rubuta musu ki nemi sharhin masu tantancewa in akwai, wasu suna bayarwa. Ki sa ido a kan RUFORUM, ƙungiyar jami'o'in Afirka kan aikin gona mai ofis a Kamfala, wadda jami'o'in Sudan suke cikinta. Akwai AWARD a Nairobi, wadda tun 2008 take horar da matan Afirka masu binciken aikin gona, har da haɗa su da masu yi musu jagora. OWSD da ke Tiriyeste a Italiya ta daɗe tana tallafa wa mata masu neman digiri na uku a kimiyya, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a Jidda shi ma yana da guraben karatu. Sharuɗɗa suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, ki karanta na shekarar da kike ciki. Ƙaramin tallafi ki fara nema, ko na jami'arku ne, don wanda ya taɓa riƙe kaɗan ya kawo rahoto a kan lokaci shi ake yarda a damƙa wa mai yawa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: wasiƙar shugaban sashe da hatimin jami'a su zo hannunki mako biyu kafin wa'adi, ki tura takardar da sauran kwanaki, tunda ba ki da iko da wuta ko intanet a daren ƙarshe.

Mahaifinki na bari a ƙarshe da gangan. Kada ki yi masa gardama, ya ga masu takardu da yawa sun zo da mota sun yi tambayoyi sun tafi, bai sake jin ɗuriyarsu ba. Ki sa a cikin kasafinki kuɗin komawa kambo bayan an gama, a tara matan da masu hawasha a gaya musu abin da aka gano, da Hausa da Larabci. Sannan ki ɗauke shi a matsayin mai tantancewarki na farko. Idan kin dawo daga kambo, ki rubuta aikin gaba ɗaya a shafi guda da Hausa, bayan sallar isha ki kai masa jabanar gahawa ki karanta masa. Duk inda ya tsayar da ke ya ce "ban gane ba" ko "to, sai me?", ki ja layi a wurin, nan ne takardar take da rauni. Ki tambaye shi a wane ɓangaren gonarsa buda ta fi yawa da abin da yake ganin ya jawo haka, ki rubuta amsarsa kamar yadda za ki rubuta ta kowane manomi.

In kin gyara shafin, ki turo mini shi tare da tambayoyin da ya yi miki, da sanarwar tallafin da kike son nema, mu duba tare kafin lokacin shuka. Ki gaishe mini da shi, da mutanen gida baki ɗaya.